Zauren Karatu: Kututturen Gawo, Tsohuwar Karo da Tulun Ladi

Assalamu alaikum. Hunturu ya kankama, ƙura ta rufe mana Dala har ba a hango ta daga Goron Dutse, ni kuwa tari ya zaunar da ni a ɗaki, sai na samu sukunin bin wasiƙunku ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauki biyar a wannan makon. Sauran a yi mini haƙuri, suna nan cikin kwali.

Malam, ni malamar firamare ce. Damina uku ke nan muna dashen itatuwa a harabar makarantarmu, kafin bazara awaki da ƙishirwa sun gama da su. Yara har sun fara yi mini dariya. Akwai abin karantawa a kan kwararowar hamada wanda ba zai ƙara kashe mini gwiwa ba?
*Wata malama daga Gumel*

Malama, sannu da ƙoƙari. Kada ki ga laifin yaran, ni ma da ina ajin da na dara. Amma kafin in miƙa miki littafi, bari in tura ki gona.

Akwai wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ya zo aikin gona a ƙasar Maraɗi a farkon shekarun 1980. Irin wahalarki ya sha: a raini dashe a leda, a kai ƙauye, a dasa, a dawo a tarar da tsinke. A 1983, yana kan hanya da mota cike da dashe, ya tsaya rage iskar taya don ya ratsa rairayi. Sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro a bakin gona, irin wanda manomi ke sarewa duk shekara lokacin sharar gona. Ya matsa ya duba ganyen. Ashe bishiya ce da aka sare tuntuni, saiwarta na nan da rai a ƙasa, kowace shekara tana tohowa ana kashe ta. Ya ɗaga kai ya ga fili cike da irinta.

Dabarar ba ta da wuya. Ka zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a kan kututture, ka sassabe sauran, ka hana dabba da gatari. Tunda saiwar ta riga ta kai ga danshi, ba ta jiran bokitinki. Manoman can suna ce da abin sassabin zamani. Bayan yunwar 1984 ya bazu daga gona zuwa gona, har masu kwatanta hotunan sama na da da na yanzu suka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200, akasari a jihohin Maraɗi da Damagaram.

Ni dai ba na son yadda ake ba da labarin kamar Bature ne ya koya wa Bahaushe cewa kututture na toho. Kakanninmu sun san haka. Abin da ya ɗaure musu hannu shi ne dokar daji da aka gada daga Faransa, wadda ta mayar da itace na gwamnati ko da a tsakiyar gonarka yake, malamin daji ya ci ka tara in ka datse reshe. To wa zai raini abin da zai jawo masa tara? Da aka sassauta, mutum ya tabbata bishiyar tasa ce, sai ya kula da ita.

Ki nuna wa yaran gawo musamman. Bishiya ce mai taurin kai: da damina, lokacin da kowa ke yin ganye, ita sai ta kaɗe nata, ta bar wa gero hasken rana da taki a gindinta. Da rani kuma ta yi shar, ta ba dabbobi inuwa da 'ya'ya. Ana ba da labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimu, a ƙarni na 19, ya kafa doka mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo.

Littafin da zan ce ki nema na Michael Mortimore ne, *Adapting to Drought*, na 1989. Da Turanci yake, kuma ba ya karantuwa a kishingiɗe. Na zaɓe shi ne don ƙauyen da ya fi bibiya, Dagaceri, a jiharku yake. Shekara da shekaru yana komawa can bayan farin 1973, yana rubuta yadda magidanta ke fita cin rani, da yadda saƙar igiyar kaba ta riƙe gidaje. Za ki ga mutanenki a ciki suna dabara, ba a zaune suna jiran agaji ba.

Ranar Litinin ki fita da 'yan aji biyar bayan katangar makaranta, kowa ya ƙirgo kututture mai toho, kalgo ne, sabara ce, magarya ce ko aduwa, ya tambayo sunanta a gida. Ki rubuto mini nawa kuka samu.

Baba, ina aji uku a sashen tarihi. Na haddace sarakuna da shekarunsu har na gaji. Ina ne ake samun tarihin mutane irin kakata, wadda ba ta taɓa shiga fada ba?
*Wani ɗalibi daga Zariya*

Ɗana, ka taɓo mini inda yake mini ƙaiƙayi, don haka ka gyara zama.

Fara da Baba mutuniyar Karo. Tsohuwa ce da aka haifa wajen 1877 a kan iyakar Kano da Zazzau, ta rasu a 1951. A ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950 ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, wadda mijinta ke bincike a ƙasar Zazzau, ta ba ta labarin rayuwarta da Hausa, ita kuma tana rubutawa. An buga fassarar Turanci a 1954 da sunan *Baba of Karo*, daga baya Jami'ar Bayero ta fitar da shi da Hausa. In ka samu na Hausar, shi za ka riƙe, don a nan ake jin muryarta. Ta yi aure huɗu, Allah bai ba ta haihuwa ba, ta riƙi 'ya'yan dangi, ta yi unguwarzoma. Za ka ji yadda ake ƙulla ƙawance tsakanin 'yan mata, da yadda mace ke yaji, da yadda mahara ke sace mutane a hanyar gona a tara dukiya a fanso su. Za ka ji labarin rinjin gidansu, wato ƙauyen bayinsu, da yadda bayi suka watse bayan zuwan Turawa. Ba ta ɓoye cewa danginta masu bayi ne ba, ba ta kuma nemi afuwar kowa ba. Wannan ne ya sa na yarda da ita. Sai dai ka riƙe a ranka cewa Baturiya take ba wa labari a zamanin mulkin Turawa, kuma tsohuwa mai wayo ta san abin da baƙo ke son ji.

Na biyu, kada ka yar da littafin sarakunan da ya gundure ka. Ka sake karanta Tarihin Kano, amma a kaikaice, kana duban gefen hanya. Wani Bature mai suna Palmer ya fassara shi da Turanci a 1908, akwai shi kuma da Hausa a cikin *Labarun Hausawa da Maƙwabtansu*. Tun a shafukan farko, wajen labarin Barbushe, za ka ga an kwatanta Jakara a matsayin kurmi mai duhu da baƙin ruwa, wanda mutanen Dala ke tsoro suna girmamawa. Ka ajiye littafin, in ka zo Kano ka je ka tsaya a bakin Jakara ta yau ka toshe hanci. Tarihin muhalli ke nan a tafiyar minti goma daga Kasuwar Kurmi. Can gaba, a zamanin Sarki Muhammadu Zaki, an ambaci yunwa ta shekara 11 a layi guda, aka wuce zuwa yaƙi. Wa ya mutu, wa ya yi ƙaura, me aka ci? Marubucin fada bai ga abin faɗa a nan ba. Aikinku ne.

Abin da fada ta tsallake, tsofaffi sun adana shi a cikin sunaye. Kakata ta wajen uwa ba ta san shekarar haihuwarta ba, sai dai ta ce ta fara tallan fura aka yi Kakalaba. Sai da na girma na gane yunwar 1913 zuwa 1914 take nufi. Ina tuna ta a gindin turmi tana tsince tsakuwa daga gero, ƙwaya ɗaya ta faɗi sai ta lasa yatsa ta ɗauke ta, mu yara muna ƙyalƙyala dariya. Ta ce ba mu ga ranar da uwarta ta tona gidan tururuwa don hatsin da suka tara ba. Ta ce 'ya'yan anza ake jiƙawa kwana da kwanaki ana sauya ruwa har ɗacin ya fita, sannan a dafa, in aka yi gaggawa ciki ya murɗe. Ta rasu ina da rediyo mai kaset a ɗaki, ina ta naɗar waƙoƙi, ban taɓa tunanin in ajiye ta a gabanta ba. Har gobe abin na ci mini rai.

Mutanen Nijar ma haka suke yi. Yunwar 1984 El Buhari suke ce mata, saboda ta zo daidai da rufe iyakar da gwamnatin soja ta Nijeriya ta yi a shekarar, hatsi ya daina ƙetarawa. Suna guda ya ɗauke fari da siyasa da kasuwa gaba ɗaya.

In kana son wanda ya bi wannan zaren da ilimi, nemi *Silent Violence* na Michael Watts, na 1983, wanda ya yi zama a Kaita ta ƙasar Katsina. Hujjarsa ita ce ƙarancin ruwan sama kaɗai ba ya kashe mutane. Kakalaba ta zo ne jim kaɗan bayan jirgin ƙasa ya iso Kano an shiga haukan gyaɗa, ga haraji da ake karɓa da kuɗi, rumbunan da a da ake ajiyar shekaru sun zama wayam. Littafin na da kauri da Turanci mai tauri, babin farko ma kana iya tsallake shi, ba zan faɗa wa malaminka ba. Idan lokacin rubuta kundinka ya yi, Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa duk suna Kaduna, kuɗin mota ne kawai tsakaninku. Amma kafin nan, hutun nan, ka saka wayarka a gaban kakarka. Kada ka ce mata ba ni tarihi, za ta ce ba ta sani ba. Tambaye ta me aka zuba mata a gara.

Malam, kullum kana cewa a nemi littafi kaza. Da wane kuɗin? Karatu a waya ba karatu ba ne?
*Wani mai shagon caji daga Agege*

Karatu ne mana, Alhaji, ni ma da tabarau nake bin nawa a waya. Tsofaffin littattafai da yawa suna intanet kyauta, har da *Magana Hausa* na 1885, mai ɗauke da labarin Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da ya bi Baturen matafiyi Barth zuwa Ingila. Takarda ma ba ta da tabbas. Na yi aiki a wani ɗakin karatu inda muka rufe wani ɗaki damina guda don rufin na yoyo, muka rubuta takarda sama aka yi shiru, da muka buɗe gara ta gina gida tun daga ƙasa har kanta ta uku.

Ranka ya daɗe, ina koyon zanen gine-gine. Malamanmu Dubai kawai suke nuna mana. Wane aikin fasaha na gida za ka ce in je in gani da idona?
*Wani ɗalibi daga Birnin Kebbi*

Je ka Zariya, babban masallacin Juma'a na cikin birni. Daga waje za ka ce na yaudare ka, don a shekarun 1970 an kewaye shi da sabon gini na siminti. Shiga ciki ka ɗaga kai. Ginshiƙan ƙasa da bakan gizon da Babban Gwani Malam Mika'ilu ya ɗaura a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, suna nan. Ka tsaya ka lura da yadda ya yi da azara. Itacen giginya ba ya ɗaukar nauyi in ya yi tsawo da yawa, sai ya riƙa ɗora gajeru kan gajeru, kowanne ya ɗan zarce na ƙasansa, ana ɗaurewa ana lulluɓewa da ƙasa, har hannu biyu su haɗu a sama. Ba shi da takardar zane ko guda.

Kada ka ɗauka abin ya mutu da mutanen da. A ƙauyen Yama na jihar Tawa, wani magini manomi, Falke Barmu, ya fara masallacin ƙasa a 1962, ya yi ta ƙara masa hasumiya har huɗu, ba wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. A 1986 aka ba ginin kyautar Aga Khan, wadda masu digiri ke mafarkin samu.

Ga abin da nake so ka ɗauka daga can, wanda ba a faɗa a aji. Ina yaro na ga ana yaɓen soron kakana. An tara ɓawon ɗorawa bayan an cire garin an ware kalwa don daddawa, aka jiƙa shi a randuna har ruwan ya yi ja kamar shayin da aka manta a wuta. Makuba ke nan. Da ita aka kwaɓa ƙasar, magini na tsaye a kan tsani, yaro na cilla masa curi yana cafewa da hannu ɗaya yana mannawa, yana shafewa da tafin hannu, sawun yatsunsa na fita a jere kamar kunyar gona. Ruwan sama ya yi shekaru yana zamewa a kan bangon nan. Na rufin kuma laso ne, wanda ake haɗawa da katsi, wato abin da ake kwashewa daga gindin rijiyar marina, da gashin da majema suka kankare daga fata. Ka ga soro guda ya ci daga hannun mai daddawa, da marini, da majemi, da mai saran giginya. Yau in ka ce za ka yi irinsa, ina ɗorawar? An yi gawayi da ita. Giginyar da ta isa azara sai an yi tafiya mai nisa. Mutane na cewa an bar ginin ƙasa don son bulo da kwano, da gaskiyarsu, amma ko mai son sa ya tashi yi, kayan haɗin sun yi tsada ko sun ɓace.

In ka biyo ta Kano, ka leƙa Gidan Makama, sannan ka gangara marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take. Ka ƙirga rijiyoyin da ke da baba a ciki da waɗanda shara ta cike. Ka tambayi dattijon da ka tarar ko har yanzu magina na zuwa sayen katsi.

Kaka, ina tsince ledar ruwa da ta shago in wanke in yanka in saƙa jaka da tabarma. Yayana ya ce wannan bola ce, ba fasaha ba. Wa zan duba in ji ƙarfin gwiwa?
*Wata budurwa daga Tudun Wada, Gusau*

Amaryata, tunda kin ce Kaka, sai ki haƙura da tsokana: ina tawa jakar?

Ki ce yayanki ya zaro naira 20 daga aljihunsa, in har yanzu ana samunta, ya juya bayanta. Matar da ke zaune tana gina tulu Ladi Kwali ce, Bagwariya daga ƙauyen Kwali. A hannun gwaggonta ta koyi ginin tukwane, irin na mata, ba na'ura, ana zagaya tulun ana ɗora ƙasa ana lailayewa, a zana masa kada da ƙadangare da kunama da kifi. Sarkin Abuja na lokacin, Sulaimanu Barau, yana ajiye tulunanta a fada, a can Baturen nan Michael Cardew ya gan su. A 1954 ta shiga makarantar tukwane ta Cardew da ke Abuja ta da, wadda yau ake kira Suleja, ita ce mace ta farko. Ta koyi sabon gashi da sabon fenti, amma ba ta saki siffar tulun gidansu ba. Ta je Ingila da Amurka tana gini a gaban jama'a, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Hotunan tulunanta suna intanet, ki ƙura wa zanen ido, ki ga yadda take cike fili ba tare da ta cunkushe shi ba. Wannan darasin zai yi miki amfani a tabarma.

Maganar bola kuwa, yayanki bai taɓa karatu da aci-balbal ba ne. Gwangwanin madara ne aka huda aka saka lagwani. Tukunyar da ake dafa masa tuwon biki, gwangwanayen lemo aka narka aka zuba a ƙasa. Takalmin da Fulani ke bin shanu da shi tsohuwar taya ce. A ƙasar Gana akwai El Anatsui, wanda ya daɗe yana koyarwa a Nsukka, yana ɗinke murafun kwalabe da wayar tagulla su zama kamar ƙaton zane, manyan gidajen kallo na duniya suna layi a kansa.

Sai dai zan faɗa miki gaskiya, don kaka ba ya yi wa jika ƙarya sai a wasa. Kasancewar abu daga shara aka yi shi ba ya mayar da shi kyakkyawa. Na ga jakunkunan leda da aka saya don tausayi aka jefa bayan ƙyaure. Ki je wajen tsofaffin da ke saƙar faifai da tabarmar kaba a unguwarku, ki zauna ki ga yadda suke gama baki, don a nan ake gane gwani. Ki kuma rage launi, biyu ko uku sun isa. Hoton da kika turo, hannun jakar ya yi siriri, zai yanke kafaɗa in an zuba kaya. Ki ninka shi uku ki sake turo mini, in ya yi zan saya wa Hajiya ta zuwa kasuwa, amma ban da tsadar 'yan birni.